Alhaki Kuykuyo Ne, da Zawarawan Ƙasar Anka

Kowa ya san yadda a ke ɗaura aure a ƙasar Hausa, domin a bainar jama'a a ke yinsa. A kan raba goro, waliyyai su zauna a zaure, liman ya yi addu'a, maroƙi ya ɗaga murya ya sanad da na nesa an ba wane wance a kan sadaki kaza. Amma ran da auren zai mutu ba a gayyatar kowa. Wata 'yar takarda ce a kan miƙa, wani lokaci ma da tsakad dare, mace ta ƙulle kayanta a zane ta kama hanyar gidan iyayenta. Kashegari maƙwabta su ji labari, su ce Allah ya sa haka ya fi alheri, kowa ya koma sha'aninsa. Abin da ya biyo baya kuwa, watau inda za ta kwana, da abin da za ta ci, da wanda zai riƙe yara, ba safai a ke tsayawa a ƙididdige shi ba.

Marubutan Hausa na farko ma haka suka bar shi. Gasar da aka sa a Zariya cikin 1933 ta haifad da littattafai irin su Ruwan Bagaja, da Ganɗoki, da Shaihu Umar, waɗanda har gobe ba a daina karanta su ba. To, amma duk maza ne suka rubuta su, labarinsu kuwa na tafiye-tafiye ne da yaƙe-yaƙe da fadar sarakuna. Sai da aka yi kusan shekara 50 kafin mata su ɗauki alƙalami su shigad da mai karatu tsakar gida. Hafsatu Abdulwahid ce ta buɗe ƙofa da So Aljannar Duniya cikin 1980, sa'an nan Balaraba Ramat Yakubu ta biyo da Budurwar Zuciya cikin 1987. Cikin 1990 ta fitad da Alhaki Kuykuyo Ne, wanda ya ke shi ne za a duba a nan. Za a kuma gwada shi da zaman mutanen Anka, da Gummi, da Bukkuyum, a yammacin Jihar Zamfara, domin a ga abin da littafin birni zai iya gaya wa mutanen karkara, da abin da ba zai iya ba.

Mai littafin da labarinta

Balaraba mutuniyar Kano ce, ƙanwar marigayi Janar Murtala Ramat Muhammad wanda ya shugabanci Nijeriya daga 1975 zuwa 1976. Ita da kanta ta sha ba da labari cewa an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana 'yar shekara 13, auren kuma bai cika shekara 2 ba ya mutu. Daga baya ta nemi ilmi a makarantar manya. Watau dai ba ji ta yi an ce ba, mai ɗaki ce wadda ta san inda ya ke mata yoyo. An mai da littafin nan fim cikin 1998, cikin 2012 kuma Malam Aliyu Kamal na Jami'ar Bayero ya juya shi da Turanci, aka buga a birnin Cennai na ƙasar Indiya.

Ga labarin a taƙaice. Alhaji Abdu ɗan kasuwa ne a Kano, matarsa Rabi, 'ya'yansu 9. Yana da abin hannu gwargwado, amma abin da ya ke bayarwa na cefane ba ya kai wa ko ina, sai Rabi ta yi ta ciko da guminta. Ana nan sai ya auro wata mai suna Delu, wadda ta daɗe tana zaman kanta. Zama bai yi daɗi ba, rikici ya tashi, Alhaji ya goyi bayan amarya, ya saki Rabi, ya kore ta har da yaran. Rabi ta kama sana'ar sayad da abinci, ta riƙe 'ya'yanta. Babbar 'yarta Saudatu, yarinya mai kunya da tarbiyya, ta auri wani attajiri, Alhaji Abubakar, gida ya sami sauƙi. Can sai kasuwa ta yi gobara, dukiyar Alhaji Abdu ta ƙone, aurensa da Delu ya watse, ya wayi gari ba shi da kowa ba shi da kome. Daga nan maza na dangi suka taru a kan Rabi, suka matsa mata, aka mai da aure, ita kuwa ranta ba ya so.

Abin da littafin ya gani

Babban abin yabo ga wannan littafi shi ne ya ɗauki sakin aure a matsayin maganar tuwo. Littattafan soyayya da yawa na wancan zamani, in sun zo wajen rabuwa, sai su cika shafi da hawaye da ciwon zuciya. Balaraba ba ta hana Rabi kuka ba, amma ba ta bar ta ta daɗe tana yi ba, domin akwai bakuna 9 da ke jiran abinci. Mai karatu ya kan ga matar tana lissafi, tana auna abin da ya shigo da abin da zai fita. Wannan shi ne gaskiyar zawarci ga mace mai 'ya'ya. Baƙin ciki ya kan yi sauƙi in kwanaki sun tura, yunwa kuwa kullum sabuwa ta ke wayan gari.

Abu na biyu, littafin ya nuna auren ya daɗe da rauni kafin takarda ta fito. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Delu ta shigo ne gidan da maigida ya riga ya saki ragamar ciyarwa. Sabo da haka sa'ad da aka kori Rabi, aikin da ta koma yi a waje shi ne wanda ta saba yi a ciki, bambancin kawai yanzu ba mai yi mata tsawa. Mai karatu mai lura zai ga matar ta fi samun kwanciyar rai a zawarci bisa ga yadda ta ke a ɗakinta. Wannan magana ce mai nauyi, marubuciyar kuwa ba ta faɗe ta da bakinta ba, ta bar labari ya faɗa.

Hausar littafin mai sauƙi ce, irin ta matan Kano a tsakar gida, da habaici da gugar zana da baƙar magana. Ba ta yi ado da manyan kalmomi ba. Wanda ya iya karatu kaɗan zai karanta wa wanda bai iya ba, su fahimta tare. Ga littafin da aka yi domin matan da aka cire daga makaranta, wannan ba ƙaramin amfani ba ne.

Inda ya gaza

Amma fa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Akwai wurare uku da littafin ya yi rauni.

Na fari, mutanensa sun cika rabuwa gida biyu. Saudatu ba ta da aibi ko kaɗan, Delu kuwa ba ta da kirki ko na anini. Alhali mata da yawa masu zaman kansu a ƙasar Hausa zawarawa ne waɗanda aure ya mutu musu, suka rasa mai riƙe su. Da marubuciyar ta tsaya ta tambayi abin da ya fitad da irin su Delu daga ɗakinsu tun farko, da ta ga ita da Rabi rijiya ɗaya suka faɗa, ɗaya ta sami igiya ɗaya ba ta samu ba.

Na biyu, yaran. Su 9 ne, amma Saudatu ce ta cinye yawancin labarin, da neman aurenta da zamanta a gidan miji. Abin da ke cikin zuciyar ƙaramin yaro wanda ubansa ya kora, yadda zai ji in ya hango uban a hanya, da abin da zai zama in ya girma ya yi nasa auren, duk wannan bai sami filin da ya kamata ba. Nan kuwa ciwon ya fi zurfi, domin babba ya kan sake aure, yaro ba ya sake uba.

Na uku shi ne mafi girma. Abu biyu ne suka warware matsalar Rabi: suruki mai kuɗi, da gobara. Dukansu kuwa sa'a ce. Sunan littafin karin magana ne mai nuna alhaki ba ya ɓata hanya, sai ya komo wa mai shi, kuma babu Musulmin da zai musa cewa Allah ba ya barin zalunci. To, amma yaro da ke jin yunwa yau ba zai jira kasuwa ta ƙone ba. Sau nawa a kan ga wanda ya watsad da iyalinsa ya ci gaba da hawan doki da sabuwar riga har tsufansa? Sakayyar da ke cikin labarin ta hanyar wuta ta zo, ba ta hanyar alƙali ba, sai ka ce babu wani hakki da a ke iya karɓa wa Rabi da 'ya'yanta tun ran da aka kore su.

Game da ƙarshen labarin, masu karatu sun rabu. Waɗansu sun ce marubuciyar ta ba da kai, ta mai da mace inda ta fito. Waɗansu sun ce gaskiya ta faɗa, domin haka a ke yi. Magana ta biyu ta fi ƙarfi. Sa'ad da aka kori Rabi ba a ga taron da ya tilasta wa Alhaji Abdu ya sauke nauyinsa ba, amma da ya talauce sai ga taro ya haɗu a tilasta wa Rabi ta ɗauke shi. Wanda ya karanta wannan bai ji wani abu ya tsaya masa a maƙogwaro ba, bai karanta da kyau ba. A nan marubuciyar ta fi masu sukarta gani.

Jiya da yau

Domin a gane abin da ya sake, ya kamata a ajiye littafin nan kusa da wani wanda ya girme shi. Tsakanin 1949 da 1950 wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna a Giwa ta ƙasar Zazzau, ta rubuta tarihin wata tsohuwa da a ke kira Baba ta Karo daga bakinta, aka buga a Ingila cikin 1954. Baba ta yi aure sau 4, na farinta na zumunta ne. Ba ta haihu ba, amma ta riƙe 'ya'yan dangi ta aurad da su. A labarinta mutuwar aure ba baƙon abu ba ce, mata da yawa sun fita sun sake shiga. Abin da ya sa ba ta zama halaka ba shi ne gandu. Gida babba ne, gona ɗaya, rumbu ɗaya. In mace ta dawo akwai ɗakin gwaggo, akwai hatsi. In yaro ya rasa ɗakin uwarsa akwai kaka, akwai inna, akwai mai neman ɗan riƙo.

Rabi kuwa a birni ta ke, inda ko wane ɗaki da kuɗinsa, ko wane mudu da kuɗinsa. Tsakanin littafin 1954 da na 1990 ba yawan saki kaɗai ya kamata a duba ba. Abin da ke tare mace in ta faɗo shi ne ya lalace.

In an kai shi Anka

To, yanzu a ɗauki littafin a kai shi Anka, garin Sarkin Zamfara, a karanta wa wata bazawara ta ƙauyukan da ke kewaye. Rabin farko za ta ce labarinta ne. Rabi na biyu kuwa za ta yi murmushi kawai.

Rabi ta tsira da sayad da abinci domin Kano cike ta ke da leburori da 'yan kasuwa da baƙi masu saye. A ƙauye kowa a gidansa ya ke ci. Sana'ar mace ba ta wuce ƙuli-ƙuli, da man gyaɗa, da daddawa, da fura, da surfe, da saƙar faifai, ribar kuwa ba ta ciyad da mutum 10. Mai kai kayan kasuwa kuma 'yarta ce, watau talla, wadda ita ce ke fara raba yarinya da makaranta.

Mutanen wannan ƙasa sun ga iyakar abin da neman na cefane a tsakar gida ke jawowa. Sa'ad da zinariya ta yi tsada, maza suka riƙa haƙo duwatsu suna kawowa gida, ana daka su ana niƙawa a cikin gidaje, har da turamen da a ke daka hatsi. Ashe duwatsun cike su ke da dalma. Cikin 2010 aka gane gubar, bayan yara sun yi ta suma suna mutuwa a ƙauyuka irin su Dareta, da Abare, da Bagega na ƙasar Anka, da 'Yargalma ta ƙasar Bukkuyum. An ƙiyasta yaran da suka rasu sun kai 400, dubbai kuma aka yi musu magani. Wannan masifa ba ta zaɓi gidan bazawara ta bar na mai miji ba. Amma ta nuna irin sana'ar da ta rage wa macen ƙauye in ta matsu, da wanda ke biyan kuɗin a ƙarshe.

Bayan wannan sai ga 'yan bindiga. Shekara da shekaru suna satar shanu, suna ɗauke mutane, suna hana noma. Cikin Janairu 2022 sun afka wa ƙauyuka da dama tsakanin Anka da Bukkuyum, suka kashe mutane masu yawa. Jama'a suka yi ta gudowa cikin garin Anka, aka yi sansanin 'yan gudun hijira. Abin da wannan ya yi wa aure a fili ya ke. Mata da yawa sun shiga takaba. Maza da yawa sun sayad da gona da shanu sun biya fansa, sun koma ba su iya ciyarwa, waɗansu sun tafi ci-rani an daina jin ɗuriyarsu. Gidan uban da bazawara za ta koma, wani an ƙone shi, wani kuma mai shi yana kwana a sansani. Gandun da ya tare Baba ta Karo ya watse, kasuwar da ta tare Rabi babu ita, attajirin suruki kuwa sai a littafi.

Akwai kuma wani bambanci. Alhaji Abdu ya kori uwa da 'ya'ya gaba ɗaya. Abin da aka fi sabawa da shi a karkara shi ne a bar mata na goye har ta yaye shi, sa'an nan uba ya aiko a ɗauko ɗansa, domin a ganin mutane ɗa na uba ne. Yaron ya faɗa hannun matar uba. In an dace da mai tsoron Allah, to, madalla. In ba a dace ba, shi ne mai ɗebo ruwa, shi ne na ƙarshe a kwano. In namiji ne, ba wuya a haɗa shi da wani malami mai tafiya gabas da sunan almajiranci, ko da ya ke ba neman karatu ne ya fitad da shi ba, neman a rage baki ne. In kuwa uwar ce ta tafi da shi gidan sabon miji, ya zama agola, sunan da shi kansa gori ne. Wannan babi littafin Balaraba bai rubuta shi ba, har yanzu yana jiran marubucinsa, ya kuma fi kyau ya fito daga ƙasar Zamfara.

Hakkin da ke rubuce

Abin mamaki shi ne maganin da littafin ya bari ga gobara yana nan rubuce cikin littattafan da ko wane malamin zaure ke karantarwa. Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Halil, waɗanda alƙalan ƙasar Hausa ke hukunci da su tun kafin zuwan Turawa, sun shimfiɗa maganar dalla-dalla.

Sakin sunna guda ɗaya ne, a cikin tsarkin da miji bai kusanci matar ba. Haɗa uku a baki ɗaya bidi'a ce, ko da ya ke ya kan auku. Wadda aka saka ba a korarta, tana da hakkin wurin zama har ta gama idda, watau tsarki 3, ko wata 3 ga wadda ba ta al'ada, ko haihuwa ga mai ciki. In sakin na kome ne, ko tana da ciki, cinta da shanta suna kan miji. An so kuma ya yi mata kyautar sallama gwargwadon ƙarfinsa. Game da yara, uwa ce ta fi cancanta da riƙonsu, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan mijinta. In uwar ta auri bare, riƙo ya koma ga kaka ta wajen uwa, sa'an nan inna, kafin a zo ga dangin uba. A duk inda yaran su ke, ci da sha da tufa a wuyan uba su ke, muddin yana da hali. Har shayarwa ma wadda aka rabu da ita tana iya neman lada a kai.

Da an bi wannan, da labarin Rabi ya ƙare tun a tsakiya. Ba za a fitad da ita ran da aka sake ta ba, kuma rumfar Alhaji Abdu ce za ta ciyad da yaran nan 9 tun kafin wuta ta cinye ta.

Mutanen Zamfara ba su da uzurin rashin sani. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi shekara 5 yana wa'azi a ƙasarsu kafin jihadi, cikin littafinsa Nurul Albabi kuma ya zargi mazan da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, suna morarsu kamar kayan aiki. Garin Gummi shi ya haifi Shaihu Abubakar Mahmud Gumi, ɗan alƙali, wanda ya zama Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa daga 1962 zuwa 1967, ya kuma fassara Alƙur'ani da Hausa, har wanda bai iya Larabci ba ya iya karanta Suratul Ɗalaƙ da harshensa. Zamfara ce kuma jihar da ta fara shelar faɗaɗa shari'ar Musulunci cikin Oktoba 1999, zamanin Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura, aka fara aiki da ita cikin Janairu 2000. Abin da ya ja hankalin duniya a lokacin shi ne haddi. Hukuncin aure da saki da riƙon yara kuwa tun da can yana hannun alƙalai, bai taɓa barinsa ba.

To, me ke hana mace zuwa ta karɓa? Da fari dai da yawa ba su san suna da shi ba. Wadda ta sani kunya ke hana ta, domin za a ce ta kai uban 'ya'yanta ƙara, iyayenta ma su ce ta bar wa Allah. Tana kuma tsoron in ta nemi ciyarwa ya ce a ba shi 'ya'yansa. Ga nisan kotu, ga kuɗin mota, ga hanya ba lafiya. In ma an yanke masa abin da zai riƙa bayarwa duk wata, manomi ne ko mai haƙar zinariya, ba shi da albashin da za a tare, ya biya sau biyu ya daina. Haƙurin da a ke yi wa Rabi wa'azinsa, shi a ke yi wa ko wace. Haƙuri kuwa abu ne mai kyau, amma ba a yinsa da hakkin wani. Ciyarwar nan ta yaro ce, uwa ba ta da ikon yafe ta domin a ce tana da kirki.

Auren gayya

Hukumomi sun ga yawan zawarawa, suka nemi magani ta hanyar aurad da su. A Kano, cikin 2012, zamanin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso, Hukumar Hisba ta fara ɗaura auren zawarawa 100 a rana ɗaya, gwamnati ta biya sadaki da kayan ɗaki, cikin Disamba 2013 aka ɗaura 1,111. A Gusau kuma, cikin Satumba 2013, dubban mata, waɗanda aka saka da waɗanda mazansu suka rasu, sun fito titi suna roƙon gwamnati ta taimaka musu su yi aure, domin ba su da halin sayen kayan ɗaki.

Ba a raina wannan taimako, gado da katifa sun raba mata da yawa da zaman gidan wani. Amma tunanin da ke ƙarƙashinsa shi ne na dangin Rabi, watau in dai mace ta koma ƙarƙashin wani namiji an gama magana. Ba a gama ba. Sabon miji bai ɗauki alkawarin ciyad da 'ya'yan wani ba, shari'a ma ba ta ɗora masa ba. Auren ma shi ke iya fitad da riƙo daga hannun uwar. Tambayar da Balaraba ta aza tun shafukan farko, wa zai ciyad da yaran, tana nan inda ta ke ko an ɗaura aure dubu. Da rabin ƙoƙarin da a ke yi wajen ɗaura sabon aure an yi shi wajen bin uban da ya gudu wa tsohon, da hakimai da limamai da 'yan Hisba sun sa ido a kan takardar saki kamar yadda su ke sa ido a kan ɗaurin aure, a rubuta inda yara za su zauna da abin da uba zai bayar kafin mace ta ɗaga ƙafa, da an rage masu bara a tasha.

Hukunci a kan littafin

Alhaki Kuykuyo Ne littafi ne mai daraja, yana cikin waɗanda suka fara faɗin abin da kowa ya sani ba mai son faɗa. Ya kyautu a karanta shi a makarantun Anka da Gummi da Bukkuyum, maza su fi mata karanta shi, domin mata sun riga sun san abin da ke ciki. Amma malamin da zai karantad da shi ya tsaya a daidai inda aka kori Rabi, ya rufe littafin, ya tambayi almajiransa me shari'a ta ba ta a wannan dare, wa ya kamata ya karɓa mata, me kuma ya hana. In sun amsa, sa'an nan a buɗe a ci gaba zuwa gobara. Wanda ya karanta shi haka ba zai tashi da zaton aikin mutane ne su zauna su jira alhaki ya yi aikinsa ba, domin alhakin yaron da aka bari da yunwa ba uban kaɗai ya ke bi ba, har da waɗanda suka gani suka yi shiru.

Allah ya kawo wa ƙasar Zamfara zaman lafiya, ya ba iyaye ikon sauke nauyin da ya ɗora musu, amin.